Hawley Harvey Crippen

Hawley Harvey Crippen (an haife shi ranar 11 ga watan Satumba, 1862, ya mutu ranar 23 ga watan Nuwamba, 1910), wanda aka fi sani da Dakta Crippen, ɗan ƙasar Amurka ne mai sana'ar haɗa magunguna da sayar da su, wanda aka rataye a kurkukun Pentonville da ke birnin Landan bayan kotu ta same shi da laifin kashe matarsa, Cora Crippen. Ana yawan ambatonsa a matsayin mutum na farko da aka kama da taimakon saƙon wayar iska, domin daga tsakiyar teku kyaftin ɗin jirgin ruwan da ya shiga don tserewa ya aiko wa 'yan sanda labarinsa. Shari'arsa tana cikin waɗanda suka fi shahara a tarihin kotunan Ingila, kuma har yanzu ana gardama a kan ko gawar da aka tono a gidansa ta matarsa ce.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Crippen a garin Coldwater na jihar Michigan. Mahaifinsa, Myron Augustus Crippen, ɗan kasuwa ne. Ya fara karatun magani a Jami'ar Michigan, a sashen da ke koyar da tsarin da ake kira homiyofati, wanda ke bai wa majiyyaci maganin da aka tsarma shi ƙwarai da gaske, sannan ya kammala a kwalejin homiyofati ta Cleveland a shekarar 1884. Matarsa ta farko, Charlotte, ta rasu a 1892, ta bar masa ɗa namiji guda mai suna Otto. Crippen ya miƙa yaron ga iyayensa a California, shi kuma ya ci gaba da neman abinci a New York.

Aurensa da Cora

A New York ya haɗu da wata budurwa da ke kiran kanta Cora Turner. Sunanta na yanka Kunigunde Mackamotzki, mahaifinta ɗan asalin Foland ne, mahaifiyarta kuma Bajamushiya. Burinta shi ne ta zama mawaƙiya, kuma bayan sun yi aure Crippen ya riƙa biyan kuɗin koya mata waƙa. Ya sami aiki a kamfanin Munyon, mai sayar da magungunan da ake aikawa ta gidan waya, wanda a 1897 ya tura shi Landan, daga baya Cora ta biyo shi.

Takardar shaidar da ya samo a Amurka ba ta ba shi damar yin aikin likita a Ingila ba, don haka yawancin zamansa a can a harkar tallar magani ya ƙare, ko da yake kowa Dakta yake ce masa. Kamfanin Munyon ya sallame shi a 1899 saboda lokacin da yake ɓatawa wajen tallata matarsa, wadda ta shiga gidajen waƙa da barkwanci na Landan da sunan Belle Elmore. Waƙar ba ta karɓe ta ba, amma ta yi farin jini a tsakanin masu sana'ar, har ta zama ma'ajiyar wata ƙungiyar mata 'yan wasa mai tallafa wa mabuƙata. Wannan muƙami ƙarami ne, sai dai shi ya sa ta tara ƙawaye masu lura da motsinta, kuma su ne daga baya suka ƙi yarda maganar ɓatanta ta bi ruwa.

Crippen ya koma aiki a cibiyar Drouet, wadda ke tallar maganin kurumta. A nan ya san Ethel Le Neve, wata yarinya mai buga tafireta da ya girme ta da kimanin shekara ashirin. Kafin 1908 soyayya ta yi nisa a tsakaninsu. A 1905 Crippen da Cora suka tare a gida mai lamba 39 a layin Hilldrop Crescent, unguwar Holloway da ke arewacin Landan, inda suka riƙa ajiye 'yan haya don ƙarin kuɗin shiga. Waɗanda suka san su sun siffanta Crippen da ɗan gajeren mutum mai tabarau da gashin baki, mai sanyin murya da ladabi, Cora kuma mace mai son ado da taro da faɗa a ji. Littattafan da aka rubuta bayan shari'ar sun yi ta zuzuta wannan bambanci, wasu har suka mayar da ita abar zargi, alhali ita ce aka rasa, kuma shaidar da ƙawayenta suka bayar a kotu ta nuna mace ce mai kyauta da fara'a.

Ɓatan Cora

A ranar 17 ga Janairu, 1910, Crippen ya yi odar giren biyar na wani magani mai suna hayosin a kantin Lewis and Burrows da ke titin New Oxford, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na giram, ya karɓa bayan kwana biyu, ya kuma sa hannu da sunansa na gaskiya a littafin da ake rubuta masu sayen guba. Ana amfani da ɗigon wannan magani wajen kwantar da masu taɓin hankali, amma abin da ya saya ya isa ya kashe mutane da yawa.

Daren 31 ga Janairu, ma'auratan suka gayyaci abokansu Paul da Clara Martinetti cin abinci da wasan karta. Baƙin sun tafi wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Tun daga nan ba wanda ya sake ganin Cora. Ranar 2 ga Fabrairu wasiƙu suka isa ƙungiyarta da sunanta, amma ba da rubutun hannunta ba, suna cewa ta ajiye muƙaminta saboda tafiyar gaggawa zuwa Amurka wajen wani ɗan'uwa marar lafiya. A ranar ce Crippen ya fara kai kayan adonta jingina.

Daga nan ya shiga yin abubuwan da suka jawo masa ido. Ranar 20 ga Fabrairu ya je wata liyafar rawa ta masu sana'ar wasa tare da Ethel, tana maƙale da wani abin ado na ƙirji wanda duk ƙawayen Cora suka san nata ne. A watan Maris Ethel ta tare a gidan. Ranar 24 ga watan Crippen ya buga wa Clara Martinetti talgiram cewa Cora ta rasu, sannan ya ɗauki Ethel suka tafi hutun Ista a garin Dieppe na Faransa. Ya sa sanarwar rasuwar a jaridar 'yan wasa, The Era. Da aka matsa masa da tambaya sai ya ce ciwon huhu ne ya kashe ta a California, kuma an ƙone gawar, don haka babu kabarin da za a kai furanni.

Ƙawayen ba su gamsu ba. Sun bincika ba su sami jirgin da ya ɗauke ta ba, ba su kuma sami shaidar mutuwarta a California ba. A ƙarshen watan Yuni, John Nash, mijin mawaƙiya Lil Hawthorne, wanda ya dawo daga Amurka bai ji ɗuriyarta ba, ya kai maganar hedikwatar 'yan sanda ta Scotland Yard. Aka damƙa binciken ga Babban Sufeto Walter Dew, tsohon ɗan sanda wanda tun yana ƙarami ya yi aiki a binciken kashe-kashen Whitechapel na 1888.

Ranar 8 ga Yuli Dew ya sami Crippen a ofishinsa. Nan take Crippen ya amsa cewa labarin mutuwar ƙarya ce. Ya ce Cora guduwa ta yi ta bar shi, a zatonsa wajen wani ɗan wasa Ba'amurke mai suna Bruce Miller, shi kuma kunya ta sa ya ƙirƙiro rasuwar. Ya zagaya da Dew cikin gidan ɗaki bayan ɗaki, ba a ga komai ba. Dew ya tafi ba tare da wata hujjar kama shi ba, kuma yawancin waɗanda suka yi nazarin shari'ar suna ganin da Crippen ya zauna, da wuya a sake taɓa gidan. Washegari ya aske gashin bakinsa, ya sa aka sayo wa Ethel kayan samari, aka rage mata gashi, suka bar Ingila.

Da Dew ya koma bayan kwana biyu don ƙarasa wasu 'yan tambayoyi ya tarar ba kowa, sai aka dawo kan gidan da bincike na gaske. Ranar 13 ga Yuli, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye kwal, ya lura tubalan daɓen suna motsi. Da aka ɗaga su aka tono tsokar jikin mutum da kayan ciki, an barbaɗe su da farar ƙasa. Babu kai, babu hannuwa ko ƙafafu, babu ƙashi ko ɗaya, babu kuma gaɓar da za ta nuna namiji ne ko mace. Tare da su akwai gashi a naɗe jikin abin naɗe gashi na mata, da wani yanki na rigar barcin maza. Sauran sassan jikin ba a taɓa gano su ba.

Gudu da kamu

Crippen da Ethel sun yi kwanaki a Brussels, sannan ranar 20 ga Yuli suka shiga jirgin ruwan Montrose daga tashar Antwerp ta Beljiyam zuwa Quebec a Kanada, da sunan Mista Robinson da ɗansa. Kyaftin ɗin jirgin, Henry George Kendall, ya karanta cigiyar da jaridu suka buga. Ya lura yadda uban da ɗan suke riƙe hannun juna bai yi kama da na uba da ɗa ba, kayan yaron ba su zauna masa ba, kuma a karan hancin uban akwai sawun tabarau alhali ba ya sanye da shi. Ya ja su a jiki, ya riƙa cin abinci da su yana nazarinsu. Ranar 22 ga Yuli, kafin jirgin ya yi nisan da na'urar Marconi ba za ta iya kaiwa tudu ba, ya sa aka aika saƙo cewa yana kyautata zaton mutanen da ake nema suna cikin fasinjojinsa.

Washegari Dew ya shiga jirgin Laurentic daga Liverpool, wanda ya fi Montrose gudu. Kwanakin da suka biyo baya wani abu ne da ba a taɓa gani ba: Kendall yana aiko bayani ta wayar iska, jaridun Turai da Amurka suna buga abin da Crippen ke karantawa da abin da yake ci, har da taswirar inda kowane jirgi ya kai, mutanen biyu kuwa ba su san duniya na kallonsu ba. Zaɓin Kanada ma ya cuce shi. Da jirgin da zai kai shi Amurka kai tsaye ya shiga, da sai an bi doguwar hanyar neman a miƙa shi, tunda ɗan ƙasar ne. Kanada kuwa a lokacin tana ƙarƙashin sarautar Birtaniya.

Ranar 31 ga Yuli, a Father Point da ke bakin kogin St. Lawrence, Dew ya hau Montrose cikin shigar jagororin da ke shigar da jirage kogin, ya kama su. Crippen bai yi gardama ba. An tsare su a Quebec, aka dawo da su Ingila a jirgin Megantic a ƙarshen watan Agusta.

Shari'a

An fara shari'ar ranar 18 ga Oktoba, 1910, a kotun Old Bailey, a gaban Alƙalin Alƙalan Ingila, Lord Alverstone. Richard Muir ne ya jagoranci masu gabatar da ƙara, Alfred Tobin kuma ya kare wanda ake tuhuma. Crippen ya musanta laifin. Matsayinsa shi ne Cora tana raye a wani wuri, kuma abin da aka tono tun kafin su tare a gidan yake binne.

Saboda haka shari'ar ta rataya a kan tambayoyi biyu: gawar wace ce, kuma yaushe aka binne ta. A kan ta farko, masu gabatar da ƙara sun kawo wani ɗan yanki na fata da suka ce daga ƙasan ciki yake, ɗauke da tabon tiyata. An san an taɓa yi wa Cora aiki a ciki a Amurka, kuma ƙanwarta da Clara Martinetti sun shaida cewa sun ga tabon. Likita Augustus Pepper da wani matashin masanin binciken gawa, Bernard Spilsbury, suka tsaya a kan cewa tabo ne. Likitocin da ɓangaren kariya ya kawo suka ce lanƙwasar fata ce kawai da ta faru bayan binnewa. An zagaya da fatar a cikin faranti, an kuma kai masu yanke hukunci wani ɗaki suka duba ta a madubin ƙara girma. Spilsbury ya yi magana da tabbacin da ya rinjayi kotun, kuma daga wannan shari'a sunansa ya fara tashi har ya zama mashahurin mai ba da shaidar likita a Ingila na tsawon shekaru talatin. Masanin guba William Willcox kuma ya shaida cewa ya sami hayosin a kayan cikin, gwargwadon da zai kashe mutum.

Tambaya ta biyu rigar barcin ce ta amsa ta. A wuyanta akwai tambarin kantin Jones Brothers na Holloway. A ɗakin Crippen an sami wandon barci guda da ba shi da riga, kuma yadinsa ya dace da yankin da aka tono. Crippen ya ce tsofaffin kaya ne da ya daɗe da saye. Muir ya bar shi ya nanata haka, sannan aka kawo ma'aikacin kantin, wanda ya nuna cewa wannan yadi bai shigo hannunsu ba sai a ƙarshen 1908, kuma a watan Janairun 1909 aka kai kayan gidan. Tunda Crippen ya tare tun 1905, babu yadda za a ce wani ɗan haya na baya ne ya yi binnewar. A tambayoyin ƙeƙe-da-ƙeƙe da Muir ya yi masa, Crippen ya kasa nuna cewa ya taɓa neman matar da ya ce ta gudu: bai tambayi direbobin tasi ba, bai tambayi kamfanonin jiragen ruwa ba, kuma ta tafi ta bar tufafinta da gwala-gwalanta. Bruce Miller ma an ɗauko shi daga Amurka, ya ce rabonsa da ganin Cora tun 1904.

Ranar 22 ga Oktoba masu yanke hukunci suka shiga shawara, cikin minti 27 suka fito da cewa yana da laifi, aka yanke masa hukuncin kisa. Ranar 25 ga watan aka gurfanar da Ethel Le Neve bisa tuhumar taimaka masa bayan aikata laifin. Lauyanta, F. E. Smith, bai ko sa ta ba da shaida ba, ya dogara da cewa babu hujjar ta san abin da ke ƙarƙashin daɓen, kuma aka sallame ta a rana guda.

Kisa

Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙararsa ranar 5 ga Nuwamba. An tara sa hannun dubban mutane ana roƙon a sassauta masa, amma ministan cikin gida na lokacin, Winston Churchill, bai amince ba. A makonninsa na ƙarshe Crippen ya riƙa rubuta wa Ethel wasiƙu, kuma abin da ya fi damunsa shi ne a san ba ta da hannu a komai. Bai taɓa amsa laifin ba. Da ƙarfe tara na safiyar 23 ga Nuwamba, 1910, John Ellis ya rataye shi a Pentonville, yana da shekara 48. An binne shi a harabar kurkukun, kuma bisa roƙonsa aka sa wasiƙun Ethel da hotonta a cikin akwatin gawarsa.

Ya bar wa Ethel wasiyyar duk abin da ya mallaka, wanda da zai haɗa da abin da ya gada daga Cora. Dangin Cora suka kai ƙara, kuma a 1911 kotu ta yanke cewa wanda ya kashe mutum ba zai ci gajiyar dukiyarsa ba, haka ma wanda ya gaje shi ta wannan hanya. Ɗaliban shari'a har yau suna karanta wannan hukunci. Ethel ta tafi Kanada, ta dawo Ingila da wani suna, ta yi aure ta haifi 'ya'ya biyu, ta rasu a 1967. Dew ya yi ritaya jim kaɗan bayan shari'ar, ya kuma wallafa tarihin aikinsa a 1938. Kyaftin Kendall shi ne ke jan jirgin Empress of Ireland lokacin da ya nitse a watan Mayun 1914, kusa da wurin da aka kama Crippen, inda mutum fiye da 1,000 suka halaka, shi kuma ya tsira.

Shakku a kan hukuncin

Tun a wancan zamani akwai masu ganin labarin bai cika ba. Shahararren lauya Edward Marshall Hall yana da ra'ayin cewa Crippen ya bai wa matarsa hayosin ne don ta yi barci, ya zarce ƙima bisa kuskure, kuma da an bi wannan hanya a kotu da wataƙila an same shi da kisan kuskure maimakon na ganganci. Wasu kuma sun yi mamakin yadda mutumin da ya iya ɓatar da kai da ƙasusuwa gaba ɗaya zai bar sauran a ƙarƙashin gidansa. Masu kisa da guba ma galibi so suke a ɗauka mutuwar Allah da Annabi ce, ba su cika daddatsa gawa ba.

A 2007 wani masanin kimiyyar binciken laifuka na Jami'ar Jihar Michigan, David Foran, tare da masanin guba John Trestrail, suka gwada ƙwayoyin gado na DNA daga ɗaya daga cikin gilasan da aka ɗora fatar a kai lokacin shari'ar, wanda ke ajiye a asibitin Royal London. Suka kwatanta da na wasu mata da aka gano cewa dangin Cora ne ta wajen uwa. Sakamakon bai dace ba, kuma gwajin ya nuna fatar ta namiji ce. Masu sukar binciken sun ce gilashin ya shekara kusan ɗari yana yawo a hannun mutane, zai iya gurɓata, kuma takardun haihuwa na wancan lokaci ba su isa su tabbatar da dangantakar matan da Cora ba. Sun kuma nuna cewa gwajin bai warware maganar rigar barcin ba, bai bayyana sayen gubar ba, bai kuma faɗi dalilin da ya sa ba a sake jin ɗuriyar Cora ba duk da duniya ta ɗauki labarin. A watan Disamban 2009 hukumar da ke sake duba hukunce-hukuncen manyan laifuka a Birtaniya ta ƙi mayar da shari'ar kotun ɗaukaka ƙara, bisa dalilin cewa wanda ya shigar da buƙatar dangi ne na nesa da ba shi da hurumin yin haka.

A al'adun jama'a

Gidan mutum-mutumin kakin zuma na Madame Tussauds ya daɗe yana nuna siffar Crippen a sashen masu manyan laifuka. An yi fim mai suna Dr. Crippen a farkon shekarun 1960, inda Donald Pleasence ya fito a matsayinsa, kuma littafin Thunderstruck na Erik Larson, wanda ya fito a 2006, ya haɗa labarinsa da na Guglielmo Marconi da ƙirƙiro wayar iska. Gida mai lamba 39 a Hilldrop Crescent ya lalace a ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yanzu wani benen gidajen haya ne a wurin, mai suna Margaret Bondfield House.